Karan Gero Tsakanin Wuta da Shanu

Kwanan baya wasu samari suka yi sallama a ƙofar gidana nan Dutsin-Ma, kowa da takalminsa fari ƙal. Wai sun gani a waya ana yin arziki da sharar gona, an kuma ce masu ni ce mai toka, to in koya masu kafin la'asar don suna da kallon ƙwallo. Na ce su dawo in an tashi ƙwallon. Ba su dawo ba. Shi ya sa na ce a rubuta wannan. Tunda maganar waya suka fi ji, wataƙila su same shi a can. Ni ban yi boko ba, faɗi nake ana rubutawa.

Sunana Abu, amma Iya Mai Toka aka fi sani. Aikina in ƙona kara ya zama toka, in tace tokar da ruwa, in sayar da ruwan. A baki shi ke nan, kuma abin da samarin suka ji ke nan. Ba wanda ya tambaye ni inda karan yake fitowa, alhali nan ne ran sana'ar yake. Ni sau ɗaya ta kusa mutuwa a hannuna, a kan tarin kara guda a Kuki. Zan zo wurin. Ku fara jin yadda ake yi.

Tarin farko da na sa wa wuta a Birchi ne, wurin Gwaggo Rabi, yayar babana. An kai ni gidanta ina ƙarama don ba ta da ɗiya mace. Na yi damina na yi rani ban taɓa ashana ba. Aikina shara. Akwai wani fako bayan gidanta, ƙasa mai tauri, nan take ƙuna. In na share sai ta zo ta shafa da tafin hannu, ta duba hannun, ta ce, "Yashin nan wa kika bar wa? Ni?" Sai in sake. Yashi in ya shiga toka ba ya fita. Nauyi yake ƙara mata, ƙarfi kuwa ko kaɗan.

Ranar da ta yarda in kunna, na tara karan ya yi tudu, na cinna mashi wuta ta ko'ina don in burge ta. Wutar ta ci kuwa, har ana leƙowa daga maƙwabta. Sai iska ta taso ta kwashi tokar ta raba wa mutanen Birchi, kowa ya samu rabonsa, wani a tulu, wani a kan shanya. Gwaggo na zaune bisa turmi, ko motsi ba ta yi ba.

Ta ce, "Madalla. Yau kin yi sadaka. Gobe sai ki gwada sana'a."

Ana ƙuna ne da sanyin safiya, lokacin da iska ke kwance. Kaɗan-kaɗan ake sa karan, ana turawa da doguwar sanda, har baƙin ya ƙare ya koma fari-fari. In kin ga gawayi a ciki, ba ki gama ba. Kuma ba a kashe wutar da ruwa, sai dai ta mutu don kanta. Ƙarfin kara ruwa yake bi. Karan da ruwan sama ya doka, ko tokar da aka bari raɓa ta sauka a kanta, sun tashi aiki. A ido suna nan yadda suke, amma ko tsumma ba za su wanke ba.

Kara ma ba ɗaya ba ne. Na gero ya fi kowa ƙarfi, shi ne na sabulu. Na dawa yana biye da shi. Totuwar masara tana da kyau amma sai ki ƙona buhu guda ki samu abin da bai cika ludayi ba. Ɓawon gyaɗa yana yi in babu wani. Buntun shinkafa kuwa shi ne babban maƙaryaci. Tokarsa fara sol, ga yawa, ga laushi, duk sabon shiga shi yake fara so. Tace shi ki gani. Ruwan rijiya ya fi shi zafi.

Kayan aikina ba su da yawa, kuma ba wanda zai burge mai farin takalmi. Rariya ta tankaɗe. Tukunyar ƙasa da aka huda gindinta, a shimfiɗa mata ciyawa da tsumma a ciki, a danna tokar, a ɗora ta bisa wata tukunyar. Ƙwarya ta zuba ruwa. A hankali ake zubawa, a jira ya tsattsafo. Ɗigon farko yana fitowa ja kamar shayin da aka manta a wuta, shi ne mai daraja. Na biyu na masu miya ne. Na uku sai a mayar da shi kan sabuwar toka. Kada ki kuskura ki tara shi a tukunyar dalma. Wata amarya a Makera ta sayi ruwan farko wurina, na ce mata ta sa a tulu, ta ce ita kayan ɗakinta duk na zamani ne. Bayan 'yan kwanaki ta zo mani da tukunyar ta yi baƙi, gindinta duk ya huje, wai in biya ta. Na ce ta bar mani ita, dama ina neman ƙarin tukunyar tace toka.

Gwajin ƙarfi da harshe ake yi. Ki tsoma ɗan yatsa ki taɓa a kan harshe. In ya yi kamar an soka maki allura, ya yi. In kin ji ɗanɗano kawai, mayar da shi. Haka Gwaggo ta koya mani, haka na yi ta yi har harshen ya gaji. Yau in ana yabon miya sai dai in ce haka ne. Hannuna kuma ku zo ku gani. Ranar da aka zo ɗaukar hoton yatsu don katin zaɓe, injin ya ƙi gane ni. Yaron da ke aikin ya ce in goge hannuna. Na ce ai gogewar ce ta kawo mu nan.

Masu saye a da suna da yawa. Akwai wani marini a Kurfi, tsoho, hannunsa shuɗi har gwiwa, da jaki yake aiko a ɗaukar mashi toka. In rijiyar rininsa ta ƙi tashi, shuɗi bai kama ba, ni ce da laifi. In ta tashi, shi ne gwani. Masu daddawa suna sayen busasshiyar toka don surfen kalwa. Masu sabulun salo su ne manya, su dafa ruwan farko har ya yi kauri, su zuba man gyaɗa ko kitse, su yi ta juyawa da muciya har kafaɗa ta sage. Ni ma ina yin nawa. Sai mata masu neman na miyar kuka da kuɓewa, waɗanda suke sayen cikin ƙaramin gwangwani su nemi gyara ta fi abin da suka saya.

Daga nan soda ta shigo a buhu daga Kano. Fara, ba hayaƙi, ba jira, ka jiƙa yau ka yi sabulu yau. Masu sabulu suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, in mun haɗu a hanya su yi ta gaishe ni da kyau. Marinin Kurfi ya rasu, 'ya'yansa ba wanda ya so shuɗin hannu, rijiyar ta cika da leda. Dunƙulen ɗanɗano na kanti ya ci rabin kasuwar daddawa. Aka bar ni da masu gwangwani.

Ina cikin wannan hali wata mota ta tsaya ƙofar gida. Mace ta fito, da hijabi da tabarau, riƙe da jarka.

Ta ce, "Sannu Iya. Ke ce mai toka?"

Na ce, "In haraji ne, ta rasu."

Ta yi dariya ta zauna a tabarma ba tare da ta kakkaɓe ba, abin da ya sa na saurare ta ke nan. Malama ce a jami'a, Dakta Hauwa. Ta ce, "Iya, mu aikinmu haɗa abubuwa ne. Wannan da wancan su haɗu su zama wani abu na uku, irin wanda ake fara yin magani da shi. To ba sa haɗuwa don kansu. Sai an narkar da su cikin wani ruwa, an kuma sa masu abin da zai zuga su. Ruwan da mai zugar duk daga waje ake sayo su. Ga tsada, ga guba, in an gama aiki ba ka san inda za ka zubar ba. Ina zaton ruwan tokarki zai yi aikin duka biyun."

Na ce, "Wato mai dalilin aure. Ya haɗa mutum biyu, shi ba ya cikin auren."

Ta ce, "Kusan haka."

Na ce, "To su ma ba a cika biyansu ba."

Ita ta biya. Ta ciro wata 'yar siririyar takarda ta tsoma a ruwan farko, takardar ta rine nan take. Ta tsoma a na biyu, launin ya bambanta. Na roƙe ta ta bar mani kaɗan. Ba na jin kunyar faɗi, takardar nan ta fi harshena gaskiya, kuma da ta zo tun ina yarinya da yau na san daɗin miya.

Sau ɗaya ta kai ni ɗakin gwajinsu. Kowa da farar riga da safar hannu. Ga wata 'yar kwalba tana juya kanta bisa wani faranti, ba muciya, ba mai juyawa. Ga ruwan tokata a kwalba mai marfi, an rubuta mashi suna da Turanci, an ajiye shi ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki. Ni da na yi shi ban taɓa yin wuni guda a irin wannan sanyi ba.

Sharaɗinta ɗaya ne. Ta ce, "Kara iri ɗaya, daga gona ɗaya, kullum. In kara ya canza, toka ta canza. In toka ta canza, gwajin baya da na gaba ba za su jeru ba, sai in koma farko." Na ce wannan mai sauƙi ne, dama gona ɗaya gare ni. Daga nan ta zama ita ce cina da shana. Kuɗin masu gwangwani na sayen gishiri ne kawai.

Gonar ta Malam Isuhu ce a Kuki, kuma mu uku muke ci a cikinta tun zamanin Gwaggo. Shi ya ɗauki hatsi. Bayan girbi, Buba, wani Bafulatani da aka haifa nan gefen garin, ya sauke shanunsa a gonar su yi rani suna ba ta taki, su ci karan dawa da harawar wake. Karan gero kuwa nawa ne, a ɗaure shi dami-dami a jingine. Ni kuma in ba gidan Malam da gidan Buba sabulun shekara. Ba takarda, ba shaida. Kowa ya san nasa. Wannan ita ce sharar da samarin nan suke nema. Su je kowace gona a ƙasar nan su ɗauki kara ɗaya su ga ko ba za a fito masu da fartanya ba. Wani danga zai yi da shi, wani jinka, wani girki, wani dabba.

Sai shekarar da 'yan bindiga suka hana noman nesa. Malam Isuhu bai shuka dawa ba, don ɓangaren dawar yana bakin daji. Gero kaɗai ya yi, nan kusa da gida. Buba kuma an kore mashi mafi yawan garkensa tun da damina. Aka bar shi da tsofaffin shanu, da 'yan maruƙa, da sa guda na amalanke. Daji ba ya shiguwa, balle ya kai su kiwo. Abin ci a duk faɗin gonar nan bai wuce tarin karana ba.

Dakta kuma ta aiko cewa aikinta ya zo gangara, tana son ruwa mai yawa a wannan karon, da shi za ta rufe.

Na je wurin Malam Isuhu. Shi mutum ne da in magana ta yi nauyi sai ya tuna ba shi da alwala. Ya ce, "Iya, kara naki ne, duk Kuki an sani. Shanu kuma bayin Allah ne. Ku daidaita tsakaninku." Ya ɗauki buta ya zagaya. Ban sake ganinsa ba ranar.

Ni da ashanata na je gonar. Kada wani ya ce da wata niyya na bar gida. Kara nawa ne, tuwona ne, kuma ba ni na kore wa Buba shanu ba.

Fakon da nake ƙuna yana da ɗan nisa da gonar, kowace shekara Buba ke kai mani karan da amalanke. Na ɗauka bana ba zan gan shi ba. Sai ga shi ya ɗauro san, ba wanda ya aika mashi.

Ya ce, "Iya, an zo lafiya? Ya hanya?"

Na ce, "Lafiya. Buba, ka rame."

Ya ce, "Ke ma ban ga kin yi ƙiba ba."

Ya fara lodi. Bai ce mani komai game da shanu ba, kuma na san ko za su faɗi a gabansa ba zai ce ba. Irinsu ba sa roƙo. Shanun ne suka taso suka kewaye mu, haƙarƙari a waje, ana iya rataya ƙwarya a ƙugun kowace. Wata tsohuwar ja ta miƙo wuya ta ja ganye daga amalanken. Buba ya ɗaga sanda ya buge mata hanci.

Ya ce mata, "Ba naki ba ne."

Muka kama hanya, shi yana jan sa, ni ina gefe, shanun na biye suna tsintar abin da ya zubo. Ba mu fita daga gonar ba san ya durƙusa. Buba ya ja igiyar hanci, ya yi mashi magana da Fillanci, ya murɗa wutsiya. San ya dube shi kawai.

Na ce, "Sauke karan."

Ya ce, "Zai tashi, Iya. Hutawa yake."

"Na ce sauke. In ya mutu nan, baɗi wa zai jawo mani kara? Kai zan ɗaura wa amalanken?"

Ya fara sauke karan. Na ce, "Ka ji sharaɗi. Su ci ganye, su ci kai. Gindin da ya fi ƙarfin haƙorinsu nawa ne. In na ji matarka ta sa ko tsinke ɗaya a murhu, sai mun je gaban mai gari."

Ya ce, "To." Iyakar abin da ya ce ke nan.

A lissafina, gindin kara zai ba ni tokar da za ta ishi Dakta, ko da ta ragu. Ashe ban san shanu ba. Saniya ba ta cin abinci kamar baƙuwa. Ta ci, ta taka, ta kwanta a kai, ta yi kashi a kai, ta yi fitsari a kai, rana ta busar, gobe ta sake. Da na koma kwasar rabona na tarar da shi a cakuɗe, ya zama daɓe. Wankewa ba ta yiwuwa, ruwa zai tafi da ƙarfin. Dole na zauna a tsakiyar garken da guntuwar wuƙa, in ɓamɓaro kara ɗaya, in buga shi da sanda, in kankare, in ajiye. Ƙuda ya san ni, na san shi. Haka na yi ta zuwa har bazara ta kusa. In na shiga motar dawowa, mutane su yi ta ba ni wuri, ban taɓa samun girma irin na lokacin ba.

Abin da na ƙona bai kai rabin na kullum ba, kuma tokar ta fi duhu. Na tace ta, jarka guda ta cika da ƙyar. Da Dakta ta zo na gaya mata yadda aka yi tun kafin ta zauna.

Ta cire tabarau. Ta ce, "Iya, kin san abin da kika yi mani?"

Na ce, "Na sani."

"Na gaya maki tun ranar farko. Wannan ba irin na baya ba ne. Ba ganye a ciki, ga Allah kaɗai ya san me ya shiga. Ba zan iya jera shi da sauran ba. Da ko aikowa kika yi."

Na ce, "Da na aiko, me za ki ce? In ƙona?"

Ta mayar da tabarau ta miƙe. Gaskiyarta ce, alkawari aka yi da ita. Na ɗauki jarkar na sa mata a bayan mota, na ce ta wanke bayi da shi, ba sai ta ba ni komai ba. Ta ja mota ba sallamar kirki.

Daminar nan ban ga motar ba. Na koma kasuwar Kuki da gwangwanaye, sai na tarar labari ya riga ni. Duk macen da ta zo sai ta tsaya daga nesa ta ce, "Iya, wannan ta garken ce?" Har wurin liman aka kai maganar. Ya ce abin da ya fito daga dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne, balle wanda wuta ta cinye. Mata suka ce to a sa mashi a miyarsa. Na sayar da akuyata. Na sayar da babbar tukunyar sabulu. Na ci tafasa da zogale har na fara jin tausayin bishiyar. Jar saniyar ta mutu duk da haka. Sauran, da san, sun kai ga ɗanyar ciyawa. Buba ya aiko mani da ƙwaryar nono, ba saƙo. Na shanye.

Shekarar da ta biyo an ɗan samu sauƙi, Malam Isuhu ya noma gero da dawa. An gama girbi, karana na jingine, tsaf, ba mai saye. Sai ga motar.

Dakta ta zauna a tabarma. Muka gaisa kamar ba abin da ya faru. Ta ce wancan aikin ta rufe shi a gajarce, ba yadda ta so ba, kuma ta sha magana a kansa. Jarkata kuma tana can a lungu an manta da ita. Ranar da za a zubar, ta ce bari ta gwada kafin nan, don ita ba ta zubar da abu ba ta san mene ne ba.

Ta ce, "Iya, abin da na baya yake ɗaukar wuni yana haɗawa, wannan kafin azahar ya gama. Na sake, haka. Na sake, haka."

Na ce, "To Allah ya sa alheri."

Ta ce ta je ta tambayi wani malamin dabbobi a wurinsu. Ya ce mata gishirin nan da ke ba toka ƙarfi, in saniya ta ci shi a ganye, yawancinsa ta fitsari yake fita. Wato shanun Buba sun cinye ganyen, sun mayar da ƙarfinsa kan gindin karan, rana ta busar da shi a nan. Ni ban san haka ba. Gwaggo Rabi ma ta mutu ba ta sani ba.

Ta ce, "Sabon aiki zan fara a kansa. Irin wannan nake so daga yanzu. Daidai yadda kika yi."

Na ce, "Dakta, bana an yi noma. Ga kara can mai tsabta, ko ƙuda bai sauka a kansa ba."

Ta ce, "A'a, Iya. Wanda ya kwana a garke."

Na dube ta in ga ko ramuwa take yi. Da gaske take.

Tun daga nan, kowane rani, ni da kaina nake sa a zube karana gaban shanu, in jira su gama wulaƙanta shi, sannan in je da guntuwar wuƙata in zauna a tsakiya. Na fanshi tukunyata, na sayi wata akuyar. Buba ya ji bayanin malamin dabbobi, ya sa aka maimaita mashi. Yanzu sabulun gidansa ya ninka, don a cewarsa shanunsa ma'aikatan jami'a ne. In ina kankara, shi yana zaune a inuwar gawo, ya harɗe ƙafa, sanda bisa kafaɗa. In na buga kara da ƙarfi sai ya ɗago kai.

Ya ce, "A hankali dai, Iya. Kada ki kankare mana aikin duka."